Tsatsa da gangan: Yadda ake mayar da ƙaramin kan jirgin ƙasa ya zama kamar na ainihi

A Birtaniya da Jamus da Amurka da Japan akwai wata daɗaɗɗiyar sha'awa da ta haɗa yara da dattawa, wato ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan siririn layin dogo da aka shimfiɗa bisa tebur. Kamfanoni irin su Hornby da Bachmann da Märklin da Kato suna sayar da waɗannan samfura a cikin kwali, fentinsu yana sheƙi kamar yau aka fito da su daga masana'anta. Sai dai kan jirgin da ke bakin aiki ba ya mako guda a cikin wannan kama. Shi ya sa wani rukuni na masu sha'awar ba sa gamsuwa da abin da ya fito daga kwali. Sukan ɗauki samfurin da suka saya da tsada, su ƙara masa ƙananan sassan da kamfani ya tsallake, sa'an nan su ɓata masa fenti da gangan, har sai ya yi kama da wani kan jirgi mai lamba da aka sani, a wata shekara da aka sani, a kan hanyar da ya yi wa aiki.

Aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne cikon sassa: bututu da famfo da ƙarfen riƙo da lamba da tambari. Na biyu shi ne tsufarwa: ƙura da kunkunniya da toka da tsatsa da maiƙo. Dukansu suna tsaye ne a kan bincike, domin dattin da ke jikin kan jirgi ba ya sauka a inda ya ga dama. Kowane tabo yana da dalili, kuma idan aka bi dalilan sukan kai mutum ga irin kwal ɗin da aka ƙona, da irin ruwan da aka zuba, da albashin ma'aikata, da ma shawarar da gwamnati ta yanke a kan makomar layin dogon.

Ma'auni da ƙaryar da ke cikinsa

Kafin fenti sai an fahimci girma. A yawancin duniya ana amfani da ma'aunin HO, inda samfuri yake kashi 1 cikin 87 na jirgin ainihi. A Birtaniya an fi amfani da OO, kashi 1 cikin 76.2, abin da ke nufin kowace ƙafa guda ta awo ta koma milimita 4. Ƙafar jirgi mai faɗin milimita 1,524 za ta dawo milimita 20, kan jirgi mai tsawon mita 20 kuma zai dawo kimanin santimita 26.

Ma'aunin OO yana ɗauke da wani aibi da kowa ya sani. Jirginsa yana tafiya ne a kan layi mai faɗin milimita 16.5, wanda aka aro daga HO, alhali idan aka raba faɗin layin Birtaniya na milimita 1,435 da 76.2, abin da ya kamata a samu shi ne 18.83. Masu tsananin son daidaito sukan canza ƙafafun samfurin gaba ɗaya su koma tsarin EM mai milimita 18.2, ko P4 mai 18.83. Mafi yawa dai sun haƙura da wannan aibi, suna zuba ƙarfinsu a kan abin da ido ya fi saurin kamawa.

Lissafin ma'auni ya shafi fenti ma. Fenti mai kaurin kashi 1 cikin 10 na milimita a jikin samfuri daidai yake da kusan milimita 8 a jikin jirgin gaske, kaurin da zai binne kan ƙusoshi da gaɓoɓin faranti. Haka kuma wanda ya tsaya mita guda daga samfurin tamkar yana hangen jirgin ne daga nisan mita 76. Daga irin wannan nisa baƙi ba ya fitowa baƙi ƙirin, yakan koma toka-toka mai duhu. Wannan ne ya sa gwanayen tsufarwa ba sa shafa baƙin fenti tsantsa ko da a kan jirgin da takardu suka ce baƙi ne.

Jirgi ɗaya, shekara ɗaya

Babu misalin da ya fi fito da wannan al'amari kamar jiragen dakon kaya na Birtaniya da ake kira 9F. Bayan gwamnatin jam'iyyar Leba ta mayar da layukan dogon ƙasar hannun hukuma a ranar 1 ga Janairu 1948, an ɗora wa injiniya Robert Riddles jagorancin zana sababbin kawunan jirgi masu aiki da tururi. An ƙera 999 tsakanin 1951 da 1960, kuma 9F shi ne na ƙarshe a jerin, shi ne kuma mafi ƙarfi a fagen dako. Yana da ƙananan ƙafafu biyu a gaba da manyan ƙafafun ja guda goma. An ƙera 251 daga 1954 zuwa 1960, masu lamba 92000 zuwa 92250, guda 198 a masana'antar Crewe, 53 a Swindon.

Wanda bai san su ba zai ɗauka duk ɗaya ne. Amma guda goma, daga 92020 zuwa 92029, an yi musu wata irin tukunyar tururi ta ƙirar Italiya mai suna Franco-Crosti, wadda ke fitar da hayaƙi ta wani bututu a gefen dama. Gwajin bai yi nasara ba, tsatsa ta addabe su, aka mayar da su tsarin da aka saba, duk da haka siffarsu ba ta taɓa zama daidai da ta sauran ba. Guda uku, 92165 zuwa 92167, an sa musu injin zuba kwal a murhu, daga baya aka cire. Na farko-farko suna da bututun hayaƙi mai baki ɗaya, na baya-baya mai baki biyu, wasu na farkon kuma an canza musu daga baya. Taragon kwal da ruwa da ke biye da kan jirgin ya bambanta gwargwadon yankin da aka tura shi. Na ƙarshen da aka kammala, 92220 mai suna Evening Star, wanda ya fito daga Swindon a watan Maris 1960, shi kaɗai aka yi wa koren fenti irin na jiragen fasinja, aka ɗora masa jan ƙarfe a bakin bututu. Sauran duk baƙaƙe ne marasa ado.

Ke nan tambayar farko ga mai aikin ita ce lamba. Ta biyu kuma shekara. Tambarin hukumar jiragen ƙasa da ke jikin taragon kwal ya canza a 1956, daga zaki da ke tsaye a kan ƙafar jirgi zuwa zaki da ya fito daga kambi yana riƙe da ƙafar, amma ba a sauya wa kowane jirgi ba sai ranar da ya shiga babban gyara, don haka tsohon tambarin ya daɗe a jikin wasu. Daga wajen 1960, da aka fara shimfiɗa wayoyin lantarki a saman wasu layuka, aka riƙa manna ƙananan fararen faranti masu jan zanen walƙiya domin gargaɗin ma'aikacin da zai hau saman jirgi. Samfurin da aka ce na 1957 ne amma yana ɗauke da wannan faranti ya riga ya tona wa kansa asiri.

Hanyar Consett

Daga cikin 251 ɗin, guda goma sun fi jan hankalin masu cikon sassa: 92060 zuwa 92066, da 92097 zuwa 92099. An ajiye su ne a lokon Tyne Dock da ke arewa maso gabashin Ingila, aikinsu kuma guda ɗaya ne, jan taman ƙarfe da jiragen ruwa suka sauke a bakin kogin Tyne zuwa masana'antar ƙarfe ta garin Consett da ke kan tudu. Hanyar hawa ce mai wahala, a wani wurin tana ɗagawa mita 1 a cikin kowace mita 35, har sai an ƙara wani kan jirgin a baya yana turawa. Taragun taman suna da ƙofofi da ake buɗewa da matsin iska, saboda haka aka yanke wani sashe na dandamalin da ke bin gefen tukunya ta hannun dama, aka dasa famfunan iska guda biyu ƙirar Westinghouse. Waɗannan famfuna su ne alamar da ake gane jiragen Tyne Dock da ita tun daga nesa.

Akwai wani ɗan ƙaramin faranti mai siffar ƙwai a ƙasan ƙofar akwatin hayaƙi, wanda ke nuna lokon da jirgi yake kwana. Na Tyne Dock 54B ne har zuwa 1958, daga nan ya koma 52H. A samfuri faɗinsa bai wuce ƙwayar gero biyu ba, amma masana sukan fara duba shi kafin komai.

Jiragen sun yi wannan aiki har watan Nuwamba 1966, lokacin da injinan dizal suka karɓe shi. Babu ko ɗaya daga cikin goman da ya tsira daga masu yankan ƙarfe. Ita kanta masana'antar Consett, wadda jar ƙurarta ta shahara da rina rufin gidaje da shanyar garin, an rufe ta a watan Satumba 1980 a zamanin Margaret Thatcher, ma'aikata fiye da dubu uku suka rasa aiki, daga bisani aka tuge layin dogon. Duk wanda ke son sake fito da 92063, alal misali, ba shi da jirgin da zai je ya auna, sai hotuna da zanen injiniyoyi.

Dalilin da ya sa suka yi datti haka

Hotunan shekarun 1930 sukan nuna kawunan jirgi suna ƙyalli, na shekarun 1960 kuwa sukan nuna su cikin wata irin toka mai maiƙo da ta rufe har lamba. Abin da ya canza shi ne hannun da ke gogewa. A tsarin aikin reluwe na Birtaniya, yaro yakan fara ne da goge jirgi, bayan shekaru ya zama mai zuba kwal, bayan wasu shekarun masu yawa ya zama direba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ayyukan yi sun yawaita, masana'antu suna biyan fiye da reluwe ba tare da tashin tsakar dare da wanka da toka ba, sai matasa suka daina zuwa. 'Yan kaɗan da suka rage kuma ana yawan ɗebe su a tura su zuba kwal saboda ƙarancin ma'aikata.

A kan wannan aka ɗora siyasa. A 1955 hukumar sufuri ta fitar da shirin zamanantar da layin dogo na sama da fam biliyan 1.2, wanda ya yanke wa tururi hukuncin ƙarewa, alhali a daidai lokacin masana'antun hukumar suna ci gaba da ƙera 9F. A 1963 rahoton Richard Beeching ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da kimanin mil 5,000 na layi. Jirgin da aka san za a yanka shi baɗi, babu manajan da zai kashe kuɗin fenti a kansa. Injinan da aka zana domin su yi shekaru talatin ko arba'in suna aiki, wasu ba su cika takwas ba. Evening Star shekara biyar kacal ya yi kafin a ajiye shi a 1965, yanzu yana cikin kayan tarihin ƙasa da gidan adana kayan reluwe na York ke kula da su. A ranar 11 ga Agusta 1968 jirgin fasinja na ƙarshe mai tururi ya bi babban layin hukumar.

Wannan ne ya sa tsufarwa ba ta rabuwa da kwanan wata. Kan jirgi ɗaya, a 1956 yana da baƙin fenti mai ɗan sheƙi da siririyar ƙura a ƙasa. A 1965 ya zama ruwan toka daga sama har ƙasa, da fararen zirin ruwa a gefen tukunya da jar ƙuna a ƙofar akwatin hayaƙi. Mai samfurin da ya zaɓi ɗaya daga cikin biyun ya zaɓi labarin da zai bayar.

Hoto ma yakan yaudari mai bincike

Madogarar farko ita ce hoto mai kwanan wata, kuma a samu na ɓangarorin biyu, da gaba, da sama idan da hali, domin samfuri daga sama ake kallonsa alhali yawancin masu hoto daga ƙasa suka ɗauka. Sai dai hotunan suna da nasu tarkon. Mafi yawa baƙi da fari ne, suna nuna inda tabo yake ba tare da launinsa ba. Masu launin kuma ba duka suka riƙe gaskiyarsu ba: fim ɗin Kodachrome ya jure shekaru, wasu nau'o'in kuwa sun rine zuwa ja ko shuɗi. Masu ɗaukar hoto sun fi fitowa ranar da rana ta haska, sun kuma fi karkata ga jirgi mai tsabta. A shekarun ƙarshe ma akwai wata ƙungiyar matasa da ta kira kanta Master Neverers Association, waɗanda kan shiga loko da dare su goge jirgin da suke son ɗauka da safe. Jirgin da aka ɗauka a ranar bankwana shi ma yawanci an yi masa wanka na musamman. Littafin hotuna na Colin Gifford mai suna Decline of Steam, wanda ya fito a 1965, ya yi fice ne saboda ya bar hayaƙi da hazo da ƙazantar wurin aiki yadda suke.

Jiragen da aka adana kuwa, akwai 9F guda tara da suka tsira, suna da amfani wajen auna bututu da ganin yadda sassa suka haɗu. Wajen launi da datti ba a dogara da su, domin masu aikin sa-kai suna goge su da ƙauna irin wadda ba su samu ba a zamanin aikinsu, wasu kuma an ƙara musu na'urorin zamani.

Cikon sassa

Ana fara wannan kafin fenti. Tsofaffin samfuran roba sukan zo da ƙarfen riƙo da bututu a manne da jiki kamar jijiya. Akan kankare su da wuƙa mai kaifi, a goge wurin da samfefa mai laushi, a huda ƙananan ramuka, a sa wayar tagulla mai kaurin milimita 0.45, wadda ta yi daidai da ƙarfe mai kimanin milimita 34. Sababbin samfura sun rage wannan wahala, amma har yanzu sukan zo da 'yar jakar sassa da mai saye zai liƙa da kansa: sandunan birki, matakala, tiyon birki, bututun zubar da ruwan silinda. Wasu daga cikinsu sukan hana ƙafafun gaba juyawa a kwana mai tsanani, don haka dole mai shi ya zaɓa tsakanin cikar kama da iya zagaya teburinsa.

Akan cire babbar maƙalar roba da ke gaba, wadda ba ta da kama da komai a jirgin gaske, a sa ƙugiya da sarƙa. Akan goge lambar kamfani a hankali a manna wadda ake so, a sa farantin loko, a rataya fitilu a inda hoto ya nuna, domin wurin da aka rataya fitila shi ke gaya wa ma'aikatan hanya irin kayan da jirgi ya ɗauko. Tulin kwal na roba da ke cikin tarago shi ne abin da ya fi saurin fallasa samfuri, maganinsa kuma mai sauƙi ne: a daka kwal na gaske, a tankaɗe, a zuba, a ɗiga masa farin gam da aka tsinka da ruwa. A ƙarshe a zaunar da direba da mai zuba kwal, domin jirgi yana tafiya ɗakin direba wayam abu ne da ido ba ya yarda da shi.

Inda kowane datti yake zama

Nan ne ilimin yake. Kunkunniya tana fita daga bututun hayaƙi ta sauka a bayan tukunya da rufin ɗakin direba, baƙa ce marar sheƙi, ruwan sama kuma yakan ja ta ƙasa a tsaye, shi ya sa duk zirin da ke gefen tukunya daga sama yake gangarowa. Akwatin hayaƙi da ke gaba ya fi ko'ina zafi a waje, fentinsa yakan ƙone ya bushe ya koma toka-toka mai ja, musamman ƙasan ƙofarsa idan ba ta rufu da kyau ba iska ta shiga ta hura garwashin da ya taru a ciki. A ƙarƙashin murhu akwai kaskon toka, kewayensa fari-fari ne. Ƙafafu da ƙashin jirgi suna ɗaukar launin ƙasa-ƙasa mai duhu, cakuɗar ƙurar hanya da garin ƙarfen da birki ke ci.

Fararen zirin da ke gangarowa daga bawul ɗin rage tururi, da usur, da murafan wanke tukunya, gishirin ruwa ne, irin farin da ke taruwa a gindin butar shayi. Yawansa ya danganta da ruwan yankin da kuma yadda aka bar yoyo ba gyara. Sababbin shiga sukan cika shi fiye da kima domin yana da kyan gani, har jirgi ya koma kamar an watsa masa farar ƙasa. Sandunan da ke haɗa ƙafafu kuwa ba sa tsatsa muddin jirgi yana aiki, domin kullum direba yana bin su da gwangwanin mai. Launinsu ruwan zuma ne mai duhu da ɗan sheƙi. Jar tsatsa a kan waɗannan sanduna alama ce ta jirgin da aka jingine, kuma kuskure ne a gan ta a jikin wanda ke jan kaya.

Akwai kuma wuraren da datti ba ya zama saboda hannun mutum. Ƙarfen riƙon ƙofa yana ƙyalli, gefen matakala ya goge da takalmi. A jirage da yawa na shekarun 1960 an goge lambar da ke gefen ɗakin direba kaɗai da tsumma, domin dole a karanta ta, aka bar sauran jikin yadda yake. A bayan taragon, wajen bakin tankin ruwa, akwai danshi da tsatsa da ɓarɓashin kwal. A jiragen Tyne Dock mai da tururi sukan ɓata kewayen famfunan iska, taragun da ke biye kuma suna ɗauke da jar ƙurar tama.

Fenti da gari

Babban kayan aiki shi ne ƙaramar na'urar feshin fenti mai aiki da iska, sai burushi iri-iri, da garin launi, da tsinken auduga irin na goge kunne. A Birtaniya an saba haɗa baƙi marar sheƙi da ruwan fata, wato lamba 33 da 62 na kamfanin Humbrol, a tsinka su sosai da tina, a riƙa canza yawan kowanne: baƙin ya rinjaya a sama, ruwan fatar ya rinjaya a ƙasa. Akwai kuma wani fenti mai garin ƙarfe a ciki wanda idan ya bushe aka murza shi da yatsa ko auduga yakan ba da sheƙin ƙarfe mai maiƙo. Littafin Martyn Welch mai suna The Art of Weathering, na 1993, shi ne ya yaɗa irin wannan salo a tsakanin masu sha'awar.

Ƙa'idar ita ce a bi tsarin da dattin ya bi a zahiri. A fesa siririn rufi, kafin ya gama bushewa a share shi da burushi mai ɗan danshin tina daga sama zuwa ƙasa, abin da ya maƙale a lungu da gefen ƙusa a bar shi. A sake, a kuma sake. Rufi biyar marasa kauri sun fi guda ɗaya mai kauri, kuma ƙari yana da sauƙi, ragi ne mai wuya. Wajen fesa ƙafafu akan sa injin ya riƙa juya su a hankali, in ba haka ba sanduna za su kare wani sashe su bar inuwa mai tsabta. Garin launi na zuwa daga baya domin toka da tsatsa da kunkunniya, bakin fensir kuma domin gefunan da suka goge. Mai da ruwa ana nuna su ne da ɗigon ruwan kariya mai sheƙi, a ƙarshen komai.

Akwai abubuwan kiyayewa. Samfurin yana shan lantarki ne ta inda ƙafa ta taɓa layi da kuma siraran faranti da ke gogar bayan ƙafar, fenti a nan zai tsayar da shi cak, don haka sai an goge su tas. Akan rufe tagogi kafin feshi. Tina mai ƙarfi tana iya cinye lamba da tambarin kamfani, har ta narka roba, shi ya sa ake fara gwadawa a kan tsohon tarago marar daraja. Feshin ruwan kariya marar sheƙi a kan garin launi yakan dusashe shi, ya kuma mayar da jikin duka launi ɗaya, alhali bambancin busasshe da mai maiƙo shi ne ran aikin. Tururin fenti kuma yana cutar da huhu, ba a yin feshi a rufaffen ɗaki.

Masu so da masu ƙi

Ana yawan danganta yaɗuwar tsufarwa ga John Allen, wani mai ɗaukar hoto a garin Monterey na jihar Kaliforniya, wanda tun ƙarshen shekarun 1940 ya riƙa nuna gine-gine da jirage masu alamun tsufa a mujallun Amurka, a lokacin da saura ke alfahari da sheƙi. Layinsa mai suna Gorre and Daphetid ya ƙone kwana goma bayan rasuwarsa a watan Janairu 1973, ya rage sai a hotuna.

Har yau ba kowa ya yarda da hanyar ba. Masu tara samfura domin darajarsu suna ganin duk wanda ya taɓa fentin kamfani ya karya kuɗin kayansa, kuma a kasuwar gwanjo sau da yawa gaskiyarsu ce, sai fa idan aikin na gwani ne. Kamfanoni sun shiga tsakani da samfuran da aka tsufar tun daga masana'anta, amma da yawansu feshin ruwan ƙasa ne guda ɗaya a bi ta ƙasan jiki, wanda bai san inda murhu yake ba balle bawul. A ɗaya gefen kuma akwai masu wuce gona da iri, waɗanda kan mayar da kowane jirgi kamar an tono shi daga juji. Wannan ma rashin gaskiya ne, domin ko a 1965 akwai jirgin da bai daɗe da fitowa daga gyara ba, akwai kuma lokon da shugabansa bai daina sa a yi shara ba.

Idan jirgin na Najeriya ne

Layin dogon da ya iso Kano a 1911 Turawan Birtaniya ne suka shimfiɗa shi, kuma kawunan jirgi da yawa daga masana'antunsu aka kawo su, ciki har da rukunin da aka raɗa wa sunayen koguna, wanda kamfanin Vulcan Foundry ya fara ƙerawa a 1948. Duk ƙa'idojin da aka ambata suna aiki a kansu, amma amsoshin sun bambanta. Faɗin tsohon layin milimita 1,067 ne, saɓanin 1,435 na layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. A ma'aunin HO wannan yana buƙatar layi mai milimita 12, ko kuma a ɗauki ma'aunin kashi 1 cikin 64 a yi amfani da layin 16.5, kamar yadda masu sha'awar ke yi a New Zealand inda faɗin layinsu ya zo ɗaya da na Najeriya. Manyan kamfanoni sun fi karkata ga jiragen Turai da Amurka da Japan, don haka mai son na gida yakan ƙera mafi yawan jikin da hannunsa.

Dattin ma na gida ne. Kwal ɗin daga ma'adinan Inugu yake, inda 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a Iva Valley a ranar 18 ga Nuwamba 1949. Jirgin da ya ratsa Zariya zuwa Kano a tsakiyar hunturu yana ɗauke da farar ƙura mai laushi a kan kowane sashe da ke kwance, wanda ya fito daga Fatakwal da damina kuwa ruwa ya wanke shi ya bar jan taɓo a ƙafafu. Wanda ke neman shaidar da zai dogara da ita zai iya farawa da tarihin reluwen Najeriya mai juzu'i uku na Francis Jaekel, da kuma tsofaffin hotuna da kayan aikin da aka tara a gidan tarihin da ke ɗauke da sunansa a harabar hukumar jiragen ƙasa ta Ebute Metta a Legas.